Maganar Da Na Kasa Faɗa Wa Inna

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a gidan nan, wai Goggo Habi ce ta yi sanadin rasuwar kakarku, don ta ɗauke ta ta kai wa wani mai maganin gargajiya a ƙasar Shanga har ciwo ya ci ƙarfinta. Ban taɓa faɗa muku haka da bakina ba, amma kuma ban taɓa ƙaryatawa ba. Ina kuwa ganin yadda kuke gaishe ta sama-sama in ta zo Yelwa, ku miƙa mata ruwa ku shige ɗaki. Yanzu na fara salla a zaune, likitan ido kuma ya ce in rage karatu. Kafin a hana ni rubutun ma, gara in ajiye muku yadda abin ya faru. Ba daɗin rubutawa nake ji ba, sau uku ina fara wannan babi ina yagewa.

Ni ne ɗan farin Inna. Ku da kuka taso kuna hawa cinyar uwarku kuna ja mata kallabi, ba lalle ku gane abin da wannan yake nufi ba. A garinmu na bakin ruwa, can ƙasar Ngaski, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Na haura shekara hamsin a duniya ban taɓa jin Sa'idu ya fito daga bakin Inna ba. Ina yaro "wancan" take cewa, da na fara koyarwa sai ta koma "Malamin". In na je gaishe ta nakan durƙusa a bakin rumfar da take bandar kifi, ta amsa tana juya kifi a kan waya, idonta a kan hayaƙi. Duk abin da za ta faɗa mini sai ta faɗa wa Habi, ƙanwata mai bi mini, ko da kuwa ina tsugune a wurin.

"Habi, ce mashi ya rame. Ba su ba shi abinci can Yelwa?"

"Habi, ce mata lahiyata lau."

Sai Habi ta dube ni, ta dubi Inna, ta ce, "To kun dai jiya, ni na huta."

Kada ku ɗauka rashin ƙauna ne. Babu ranar kasuwar da kwandon kifinta bai iso gidan nan ba, kuma manyan da ta zaɓa da hannunta suna can ƙasa an lulluɓe da takarda, an ce na Malamin ne, kada yara su taɓa. Haka muka so juna shekara da shekaru ta bakin Habi, kuma ban taɓa jin akwai abin da ya rage ba.

A shekarar da nake ba ku labari saura mini shekara uku in yi ritaya daga koyar da bayoloji a sakandare. Ina ji da kaina ƙwarai a lokacin. Ni ne mai bokon zuri'armu, ni ake kawo wa takardar asibiti in karanta, ni ake tambaya ko a yi wa yara allurar rigakafi. Da kaka ta yi, Habi ta zo da kifi, ta shige ɗakin uwarku suka daɗe suna ƙus-ƙus. Bayan ta tafi uwarku ta same ni ta ce Inna ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, ya kai ƙwan zabo, ba ya ciwo. Kun ga hanyar da maganar ta biyo: Inna ta faɗa wa Habi, Habi ta faɗa wa uwarku, uwarku ta faɗa mini. A nan dai ban yi sake ba, a yi mini adalci. Cikin mako na kawo ta asibiti a Yelwa, suka tura mu babban asibiti a Sakkwato, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, aka ce mu dawo.

Ranar karɓar sakamako muka sami layin mata a kan dogon benci, Inna da Habi suka zauna a cikinsu, ni ina tsaye can gefe ina karanta takardun da aka manna a bango kamar wanda ya zo duba aiki. Da aka kira sunanta Inna ta ƙi motsawa. Ba za ta shiga ɗaki ɗaya da ɗanta na fari a yi maganar jikinta ba. Ni kuwa maimakon in ce su shiga ita da Habi, sai na gyara hula na shiga ni kaɗai. Likitar mace ce, Basakkwata, a haife na haife ta. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Malam, daji na. Amma kun zaka da wuri, bai kai ga hammata ba. In anka cire nonon gaba ɗai, anka bi da magani, ina sa ran alheri da yardar Allah. Shigo min da ita in yi mata bayani da kaina."

Da Turanci na amsa mata, don ta san da wanda take magana. Na ce tsohuwa ce ta ƙauye, in ta ji wannan kwatsam zuciyarta na iya bugawa, a bar ni in faɗa mata a gida a hankali. Ta ɗan dube ni, sannan ta rubuta rana a kati, mako uku masu zuwa, ta miƙo mini.

"Kada ku wuce wagga rana, Malam."

A mota Habi ta leƙo ta bayan kujera ta ce, "Yaya, mi tac ce?" Na ce ta ce a ɗan jira. Inna tana kallon taga har muka iso.

Sau biyu ina hawa babur in nufi garinmu da niyyar faɗa. Tun daga Yelwa nake bitar maganar a baki, in juya ta nan in juya ta can. Da na durƙusa a bakin rumfa na ga bayan Inna ta sunkuya a kan kifinta, sai bakina ya yi nauyi, in ɓuge da tambayar ko ruwa ya fara ja da baya, ko an fara dashen albasa. Ni ne fa mutumin da ke zana nonon mace a allo da alli mai launi, in nuna wa 'yan aji biyar hanyoyin da ruwan nono ke bi, in yi wa mai dariya bulala. Amma a ce in buɗe baki in ce wa Habi, ce mata za a yanke mata nono, Inna tana ji, wannan ya fi ƙarfina. Na kuma sa wa raina cewa ƙi za ta yi, in ta ƙi kuma dole in zauna ina jayayya da ita a kan jikinta. Wani abin da ya fi ci mini rai, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne bakin mutane. Ina jin muryarsu a kunnena a bakin masallaci, ana cewa ɗan fari ya kai uwarsa birni an yanke nonon da ya sha. Uwarku ta tambaye ni sau biyu abin da likita ta ce. Da na faɗa mata, da ta ɗauki mayafi ta je ta gama maganar a yini ɗaya. Girman kai ya hana, na ce mata ina kan nazari.

Nazarin kuwa na yi shi. Sabuwar wayata mai shiga intanet ba ta daɗe a hannuna ba, na duƙufa a ɗakin malamai ina neman duk abin da aka rubuta a kan ciwon daji. Yanzu na san ba magani nake nema ba, ƙofar gudu nake nema. Ran nan na ci karo da wata doguwar takarda ta masana, na kai shagon buga takardu aka fitar mini da ita, shafi goma sha huɗu. Tana magana ne a kan wani sinadari mai suna naitirik oksaid. Mun san shi tun muna kwaleji a matsayin guba da ke fita tare da hayaƙin mota, sai ga shi ana cewa jikin ɗan Adam da kansa yana haɗa shi kullum. Bangon jijiyoyin jini na sakin ɗan kaɗan don jijiyar ta saki ta buɗe, jini ya wuce salin-alin. Fararen ƙwayoyin jini kuma, waɗanda nake ce wa ɗalibaina sojojin jiki, in suka ci karo da ƙwayar cuta sai su yi mata ɓarin sinadarin da yawa har ta mutu. Marubutan suka ce an ga yana yi wa ƙwayoyin daji haka nan, in ya yi musu yawa sai su lalace. Jiki kuma yana haɗa shi ne daga wani abu da ake kira arginin, wanda ake samu a gyaɗa da 'ya'yan kankana, yana kuma samun wani kaso daga ganye irin su alayyafo. Na ciro jan birona na maki, na yi ta ja wa layi bayan layi don murna.

A shafi na biyar suka juya maganar. Suka ce ƙari irin na daji da yawa su ma suna haɗa nasu sinadarin, kaɗan-kaɗan ba yankewa, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ba ya kashe su, taimakon su ma yake yi. Yana jawo musu sababbin jijiyoyin jini su sha su ƙoshi, yana sauƙaƙa wa ƙwayoyinsu ɓallewa su bi jini su je su kafu a wani wuri. Suka ce har yanzu ba a san yadda za a sarrafa shi a jikin mara lafiya ba, kada kowa ya ɗauki abin da suka rubuta a matsayin magani. Na karanta wannan shafin. Kada wani ya zo bayan raina ya wanke ni ya ce Turancin ne ya yi mini zurfi. Na karanta, na fahimta sarai, na ɗaga birona ban ja wa ko layi ɗaya ba, na wuce shafi na gaba. Da a ce ɗalibi ne ya kawo mini rabin amsa irin wannan, da na zagaye masa ita na rubuta masa ya zo ya same ni.

Ranar Juma'a bayan la'asar na isa gida da leda cike da kwalaben arginin da na saya a kemis, da ƙullin 'ya'yan kankana. Na tarar da Kawu Liman, ƙanen Inna, zaune a tsakar gida, Habi na tankaɗe, Inna kuma da jin babur ɗina ta shige ɗaki ta saki labule. Na zauna na yi musu darasi kamar ina aji, sojojin jiki, jijiyoyi, yawan sinadari, har da zane a ƙasa da tsinke. Kawu mutum ne mai haƙuri, ya saurara har na kai aya, sannan ya yi tambaya ɗaya tak.

"Likitar ita tac ce a yi hakanga?"

"Ita ta ce, Kawu. Ta ce a fara gwada wannan, ba sai an yi aiki ba."

Ban shirya wannan ƙaryar daga gida ba, amma ta fito sumul, ko tuntuɓe ban yi ba. Kawu ya yi hamdala. Sai muryar Inna ta fito ta bayan labule.

"Habi, ce mashi na jiya. Allah shi yi albarka."

Na hau babur na dawo Yelwa ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka. Ranar da likita ta rubuta a kati ta zo ta wuce ina gaban allo, katin yana cikin aljihun gaban rigata.

Habi ce ta ɗauki wahalar. Ita da ke da gidan miji da 'ya'ya shida, kullum sai ta zo ta soya 'ya'yan kankana ta daka, ta yi miyar alayyafo, ta ƙirga wa Inna ƙwayoyi safe da yamma. Inna da ta tashi a kan kifi da tuwon shinkafa, ta tsani ganyen nan, amma ko sau ɗaya ba ta ture kwano ba, tunda Malamin ne ya ce. Ni kuma da yake ba ni da ikon gani da idona, sai na ƙirƙiro dabara irin ta malaman kimiyya. Na ce wa Habi duk ƙarshen wata ta ɗora zare a kan ƙullutun daga gefe zuwa gefe, ta yanke daidai tsawonsa, ta aiko mini cikin kwandon kifi. In zaren ya iso sai in shimfiɗa shi a kan rula in rubuta a littafi. Na wata na biyu ya ɗara na farko. Na uku ya ɗara na biyu. Na aika a faɗa musu kumburin yaƙi ne, sojojin jiki ne suka taru a wurin, a ƙara ƙwaya ɗaya da rana. Na jera zarurrukan a cikin littafin na manne su da salatif, duk mai ido ya kalla ya san inda aka dosa, ni ma na sani.

A wata na biyar Habi ba ta aiko da zare ba, da kanta ta zo. Ta tarar da ni a zaure ina makin jarrabawa, ta durƙusa, ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Yaya, abin ga ƙaruwa shikai. Hwatar wurin ta koma awa ɓawon lemu, ga kaluluwa ta hito mata ga hammata. Don Allah mu koma Sakkwato."

"Ke kika yi karatun ko ni?"

"Kai kay yi, Yaya. Amma ni ka ganin wurin."

Na daka mata tsawar da uwarku ta fito ba takalmi. Na ce in ta gaji da daka ta faɗa, in nemo wadda za ta yi. Habi ta share ido da bakin mayafi ta tashi ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba. Bayan mako biyu, da ta ga babu mafita ta wurina, ta ɗauki Inna ba da sanina ba ta kai ta wurin wani tsoho a ƙasar Shanga. Kwana biyu suka yi, ya ba su garin shafawa da na sha, suka dawo. Wannan shi ne gaba ɗayan laifin Goggo Habi, kwana biyu a cikin wata bakwai.

Sai da damina ta sauka, hannun Inna na hagu ya kumbura har ba ta iya ɗaura zane da kanta, tari ya kama ta, bayanta ya hana ta kwanciya, sannan na nemo mota. Likitar nan dai muka samu. Na shiga ni kaɗai kamar wancan karon. Ta buɗe fayil, ta dubi ranar da ta rubuta, ta dubi kalandar bango, ta dube ni. Don tsabar rashin ta ido sai na ciro takarduna na miƙa mata, wai in nuna mata ba zama na yi ba. Ta bi jan layukan da ido, ta buɗe shafi na biyar ta gan shi fari tas, ta ajiye a kan tebur a buɗe.

"Kuna noman albasa can wajenku ko, Malam?"

Na ce muna yi.

"To ka san in ruwa ya yi ambaliya shina kashe ta. In kau anka ja mata shi kaɗan-kaɗan ta lambatu, shi ka sa ta yi kai. Ƙarin ga da kai nai shika gina lambatunai, kuma da sinadarin ga shika ginawa. Mu da kanmu ba mu san wada za mu mai da shi ambaliya cikin jikin mutum ba, balle da ƙwayar kemis."

Na tambaye ta ko ƙwayoyin da na ba ta ne suka ciyar da ciwon.

"Ba ni iya ce maka e, ba ni iya ce maka a'a, kuma babu mai iyawa. Alayyaho bai taɓa kashe kowa ba. Abin da nis sani, wata bakwai da sunka wuce ina iya cire shi. Yanzu ban iyawa." Ta rufe fayil ɗin. "Ka gaya mata abin da nic ce rannan?"

Na dubi takalmina. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce in fita, a shigo mata da mara lafiya da 'yarta. Na tsaya a baranda kusan rabin awa gumi na bin bayana, kuma ga abin da ya fi komai ba ni kunya a rayuwata. Uwata tana ciki ana gaya mata ciwonta ya kai ga huhu da ƙashin baya, ni kuwa abin da ke cin zuciyata shi ne ko likita za ta tona mini asiri. Da suka fito na bi fuskar Habi da kallo, ban karanci komai ba. Ban san abin da aka faɗa musu a ɗakin nan ba, kuma har yau ban tambaya ba.

An yi wa Inna ƙarin ruwan magani sau uku, ya rage mata tarin, ya zubar mata da gashi. Daga nan ta ce a mai da ita gida. Habi ta tare a ɗakinta, ita ke juya ta, ita ke wanke gyambon da ya fashe, ita ke ba ta koko da cokali. Ni ina zuwa ran Asabar in durƙusa a bakin ƙofa in yi sannu. Inna ta rasu da hantsi ana tsakar yankan shinkafa, shekara guda da 'yan kwanaki bayan zuwanmu Sakkwato na farko.

A zaman makoki, rana ta biyu, muna zaune a ƙofar gida sai wani ɗan baffanmu da ya ɗan taɓa aikin asibiti ya ce shi dai a ganinsa tafiyar nan ta Shanga ce ta ɓata lamarin. Ya ce garin da ake shafawa shi ke fasa irin wannan ciwo, da an bar tsohuwa a kan maganin Malam da ba a kai ga haka ba. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Katangar zana ce kawai tsakaninmu da mata, na san Habi tana ji. Kowa ya juyo yana jiran abin da mai boko zai ce. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya riga ya ƙaddara. Daga wannan zaman maganar ta tashi ta shiga gidaje har ta iso kunnuwanku, Habi kuwa ba ta taɓa buɗe baki ta kare kanta ba. Ba ta karatun boko, don haka ɗayanku ya ɗauki babin nan ya je har ɗakinta ya karanta mata, kada ya tsallake ko layi ɗaya. Ni na gwada zuwa da kaina ba sau ɗaya ba, ciwon nan nawa na nauyin baki bai sake ni ba.

Bayan kwana arba'in muka taru a ɗakin Inna don a fitar da kayanta, ni da Habi da Kawu Liman. Habi ta buɗe tsohuwar akwatin ƙarfe tana ciro zannuwa tana ninkewa. A can ƙasa ta ciro wani farin ƙyalle sabo fil, bai fi kamu biyu ba, an naɗe shi da ɗan itacen turare a ciki. Ta warware shi tana juyawa.

"Wanga kau na mi na? Bai isa ko kallabi ba."

Kawu ya miƙa hannu ya karɓa. Ya daɗe yana kallon sa.

"Ashe ta aje shi," ya ce. "Wanshekaren dawowarku daga Sakkwato, zuwan karɓar sakamako, ta ishe ni zaure da sassahe. Tac ce matan da sunka zamna benci ɗai sun gaya mata irin wanga ciwo yankewa akai, wata ma ta buɗe ta gwada mata nata wurin, shekararta huɗu da aiki tana sana'arta. Tat tambaye ni in an yanke abu ga jikin mai rai, mi akai da shi. Nic ce a naɗe shi ga ƙyalle mai tsabta a binne, ba a yi mai salla. Tac ce to, ta samu natsuwa. Ran kasuwar Wara ta sawo wanga da kanta."

Habi ta toshe baki da hannu.

"Nic ce mata in kira ka in gaya maka ta shirya," in ji Kawu, yana dubana. "Tac ce a'a, kada a kunyata yaron. Nauyin hwaɗi shikai, a bar shi har shi samu bakin magana. Ranar duk da ya aiko Habi da ita, to kawai za ta ce."

Ya ninke ƙyallen a hankali, ya mai da itacen turaren ciki, ya ɗora a gwiwarsa.

"Sai ga ka ka zaka da magani. Ashe likitar sake shawara tay yi?"

Habi ta ɗago jajayen idanunta ta zuba mini. Kawu yana jira, da fuskar nan tasa ta mutumin da bai taɓa zargin kowa ba.

Na ce, "Sakewa ta yi, Kawu."

Ya ce Allah ya jiƙan Inna, muka ce amin. Kawu ya rasu bayan shekara biyu yana ganin na yi wa 'yar'uwarsa iya ƙoƙarina. Likitar ba ta taɓa sake shawara ba.